TUƘI SAI DA KOYO: ƊANKA YA IYA MOTA, KO YA IYA HANYA?

Manoma da makiyaya, ƴan uwa masu karatun wannan jarida, kaka ta yi. An yanke hatsi, an rore wake, an tone gujiya da aya. Ƴan cin rani na bara sun komo. Kuɗi sun ɗan shigo hannu. Kowa ya san abin da saurayin yanzu yake fara tambaya in kuɗi sun shigo. Babur ne. A Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, a Ƙonni, masu saida babura sun san wannan lokaci kamar yadda mai saida rago ya san layya.

Ga yadda abin ke gudana a garuruwanmu. Yaro ya sayi babur da hantsi. Da azahar abokinsa ya kai shi bayan gari, ya gwada masa giya da birki. Da la'asar ya goyo mutum biyu, ya hau kwalta. Uba yana zaune gindin iccen dalbejiya yana murna, yana cewa yaron nan da kaifin kai yake, wuni ɗaya ya iya. Haka wanda ya tafi birni ya zama karen mota. Shekara ba ta zagayo ba, sai ka ji an ce an ba shi motar kasuwa, yana ɗaukar mutum goma sha tara.

Wannan magana ta shafe mu duka. Wanda ba shi da mota yana shiga ta wani. Wanda ba ya shiga mota yana ƙetare hanya da garkensa, ko matarsa ta bi gefen kwalta da tallar fura.

ABIN DA LISSAFI YA GWADA

Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake ce ma OMS, ta fitar da lissafinta a shekarar 2023. Ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Ta ce cikin yara da samari, daga mai shekara 5 zuwa mai shekara 29, babu cutar da ke kisa kamar hanya. Ku sake karanta wannan. Masassarar cizon sauro, tarin fuka, yaƙi, duk hanya ta fi su cin samari in an haɗa duniya gaba ɗaya.

Kuma mu ƴan Afirka mu ne a sahun gaba. In aka ƙirga motoci 100 na duniya, wajen 3 kaɗai ke nahiyarmu. Amma in aka ƙirga mutum 5 da hanya ta kashe, kusan 1 namu ne. Ashe yawan mota ba shi ne ke kisa ba. Yadda ake tuƙa ta, da halin da take ciki, da halin hanya, su ne abin dubawa.

Ku dubi babbar hanyarmu mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure, har Difa. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Hanyar nan ba ta kauce ma garuruwa. Ta cikin kasuwa take bi, ta ƙofar lakwal, ta bakin rijiya, ta tsallake burtali. Zamanin da take jar ƙasa, ramu da gargada suna hana direba gudu ko ba ya so. Da aka shimfiɗa kwalta, tafiyar kwana biyu ta koma ta wuni ɗaya. Wannan alheri ne babba. Mai albasa na Galmi ya san haka, mace mai naƙuda ta san haka. Amma kwalta ta ba yaro gudun da kakansa bai taɓa gani ba, kuma ba ta ba shi hankalin da zai riƙe gudun ba.

HANNU, DOKA, IDO

Makiyayi, kai muke tambaya. Ka taɓa miƙa ma yaro garke duka rana ɗaya, don kawai ya iya riƙon sanda? Sai ya bi ka shekara da shekaru. Sai ya san saniyar da ke jan sauran cikin gona, ya san ciyawar da ke kumbura ciki, ya san hadarin da zai yi ruwa da wanda iska ce kawai. Riƙon sanda shi ne ƙaramin abu cikin kiwo.

Tuƙi ma haka yake. Riƙon sitiyari, canjin giya, taka birki, wannan aikin hannu da ƙafa ne. Yaro mai kai yana kama shi cikin mako guda. Bayansa akwai dokar hanya, wadda ba a gane ta da kaifin kai, sai an koya maka. Bayan doka kuma akwai ido, wato ganin haɗari tun bai zo ba. Shi ne ya fi wuya, shi ne ya fi daɗewa, kuma rashinsa ne ke kashe sabon direba.

A makarantar koyon tuƙi, wadda ake ce ma oto-ekol, karatu kashi biyu ne. Akwai kod, wato dokar hanya da alamunta. Akwai tuƙin kansa, malami yana zaune gefenka, da birki ƙarƙashin ƙafarsa, in ka yi kure ya taka. In an gama sai jarrabawa gaban ma'aikacin gwamnati, kod da farko, tuƙi daga baya. Wanda ya ci shi ake ba permi. Permi iri-iri ne. Mai harafin A na babur ne. Mai B na ƙaramar mota ne, kuma sai mai shekara 18. Mai C na kamyon kaya ne, mai D na motar ɗaukar jama'a, mai E na motar da ke jan tirela. Wanda ke da B ba shi da izinin ɗaukar mota cike da fasinja. In za ka shiga mota a tasha, wannan haƙƙinka ne ka sani. A shekarar 2014 gwamnati ta yi sabuwar dokar hanya, kuma akwai ma'aikata ta musamman mai kula da tsaron hanya, sunanta ANISER.

Alamun hanya ba ado ba ne. Kowane allo magana yake yi, kuma siffarsa ita ce farkon maganar. Allo mai kusurwa uku da jan baki yana cewa akwai haɗari gaba: kwana, ko gada, ko yara ƴan lakwal, ko shanu. Allo mai da'ira da jan baki hani yake yi. In ka ga 50 cikinsa, kada gudunka ya wuce 50. Da'ira shuɗiya umurni take bayarwa. Jan allo mai kusurwa takwas, da haruffa huɗu, STOP, yana cewa ka tsaya cik, ƙafafun mota su daina juyi, ko da ba ka ga kowa ba. Farin layi na tsakiyar kwalta, in bai yanke ba, katanga ce, ba a ƙetare shi don wuce wani. In an haɗu a mararrabar da ba ta da allo, wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya.

A ƙasarmu dama ake bi. Tsofaffin direbobin Maraɗi masu zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya suna iya ba ku labari. Kafin 1972 Najeriya hagu take bi, irin na Ingila. In an ƙetare iyaka sai direba ya canza hannu. A watan Afrilu na 1972 ne Najeriya ta komo dama kamar mu. Doka ce mutane suka zauna suka shirya, don kowa ya san inda ɗan uwansa zai bi. Wanda bai koye ta ba, kamar baƙo ne da ya shiga gari bai jin harshen mutanensa.

A nan kuma ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci kun ga riba. Wanda ya san haruffa da lambobi ya yi rabin kod. Yana karanta 50, yana karanta STOP, yana karanta sunan gari da kilomita bisa dutsen gefen hanya, yana karanta agogon gudu da ke gabansa. Muna roƙon hukuma ta buga littafin dokar hanya da Hausa, da manyan haruffa da hotuna, a saida shi da araha a kasuwannin ƙauye, a karanta shi a ajin manya.

HISABIN GUDU

Yanzu ku ɗauko alli, mu yi ɗan lissafi. Wannan shi ne darasin da abokin bayan gari ba ya koyarwa, don shi ma bai san shi ba.

Mota mai gudun kilomita 90 cikin awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce "ɗaya". In akuya ta faɗo hanya, direba lafiyayye, wanda ba ya jin barci, yana ɗaukar wajen daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Mita 25 sun tafi, birki bai ko fara aiki ba. Bayan ya taka, bisa kwalta busassa, da taya mai kyau, sai motar ta ƙara jan wajen mita 45. Jimla mita 70. Kun san gona mai hekta ɗaya, gefenta mita 100 ne. To, motar sai ta cinye kusan kashi uku cikin huɗu na gefen gonar kafin ta tsaya.

Da gudun 50 yake yi, mita 14 zai ci kafin ya taka, ya ƙara wajen 14 bayan ya taka. Jimla mita 28. Ku lura da wannan sosai: in ka ninka gudu sau biyu, jan birki ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Samari da yawa ba su san haka ba. Suna tsammani birki kamar linzamin doki ne, ka ja ya tsaya. In kuma rairayi ya hau kwalta, kamar yadda yake yi lokacin hunturu, ko ruwan farko ya sauka, ko taya ta suɗe, ko an yi ma motar lodi har bisa rufi, lissafin nan duk ya lalace, sai ƙari.

Ga wani hisabin, na maginan rijiya. Wanda ya yi karo da icce yana gudun 50, jikinsa yana jin abin da zai ji in ya faɗa rijiya mai zurfin mita 10, wajen gaba 5 ko 6, wadda babu ruwa cikinta. In gudun 90 yake yi, rijiyar ta koma mita 32, kusan gaba 18. Wane uba ne zai bar ɗansa yana wasa bakin irin wannan rijiya? Amma muna barinsa bisa babur, kai babu hula, muna tafa masa.

Shi ya sa aka sa 50 cikin gari. OMS ta ce mai tafiya ƙasa da mota ta buge da gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge da gudun 50 fiye da sau 4. Tsakanin 50 da 65, direba ba ya ko jin bambanci cikin kujerarsa. Yarinya mai tallar da ke ƙetare hanya ita ke jin shi.

Wuce babbar mota shi ma da hisabinsa. A ce kamyo yana gudun 70, kai kana 90. Kafin ka fito, ka wuce shi, ka koma hannunka, sai ka yi fiye da daƙiƙa 10 bisa hannun wasu, ka ci kusan mita 300. Wanda ke tafowa daga gaba shi ma yana cin nasa 300. Ke nan sai ka hangi fili fiye da rabin kilomita, babu kowa, kafin ka fito. A kwana, ko a hawan tudu, ko cikin ƙurar hazo, ba ka da wannan hange. Masu babur kuma su riƙe wannan: in ba ka ganin madubin direban kamyo, shi ma ba ya ganinka.

DARE DA BISASHE

Dokar hanya ta ce doguwar fitila ta haska mita 100, gajeruwa mita 30. In mota ta tunkaro ka, dole ka koma gajeruwa don kada ka makantar da shi. To, mun ce mai gudun 90 yana buƙatar mita 70 kafin ya tsaya. Fitilarsa tana gwada masa 30, ko ɗan fiye. Duk abin da ke tsaye cikin duhun da ya rage, sai ya buge shi. Amalanken jaki ne mai komowa daga kasuwa, kamyo ne da ya lalace aka jera masa ganye, ko tsoho ne mai baƙar riga. Maganin abin guda ne, a rage gudu har ya zama kana iya tsayawa cikin hasken da kake gani.

A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni sani, in ya yi aiki da saninsa. Ya san in tunkiya ɗaya ta ƙetare, sauran sai sun bi ta ko da wuta ce gabansu. Ya san jaki tsayawa yake yi tsakiyar hanya, ba ya jin oda. Ya san ɗan maraƙi yana gudu wajen uwarsa. Ya san raƙumi da dare ba a ganin jikinsa, fitila ƙafafunsa take haskawa, kuma in an buge ƙafafun, jikin bisa gilashin gaba yake faɗowa. Malamin tuƙi na kirki irin wannan karatun yake ɗora ma ɗalibi. Ka ga ƙwallo ta gangaro hanya, yaro na biye. Ka ga motar kasuwa ta tsaya, wani zai fito ta gabanta. Ka ga ƙura gefen hanya da marece, garke ne ke komowa. Sai ka ɗaga ƙafa daga totur tun ba ka ga kowa ba.

Mu ma masu amalanke da bisashe muna da namu rabo. Ɗan jan ƙyalle mai walƙiya da ake mannawa bayan amalanke bai kai kuɗin tiyar hatsi biyu ko uku ba, kuma direba yana hango shi daga nesa. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai ya ƙetarar da garke. A ƙetare a wurin da hanya take miƙe, ba a kwana ba.

Sauran abubuwan da ake koyarwa kun sha jin su a rediyo. Hular kwano, wadda ake ce ma kaski, in mai kyau ce kuma an ɗaure igiyarta, tana kare kusan 3 cikin 4 na raunin ƙwaƙwalwa. Wadda aka rataye ga hannun babur ba ta kare komi. Ɗamarar kujera tana rage mutuwar na cikin mota har da rabi. Mai tuƙi yana waya, haɗarinsa ya ninka wajen sau 4. Ka dubi wayarka daƙiƙa 2 kana gudun 90, ka yi mita 50 ido rufe. Sai ƙwayar nan, tiramol, da wasu samari ke sha don su yi aiki ba gajiya. Tana ɓoye gajiya, ba ta fidda ta. Tana sa jiki nauyi wajen taka birki, tana sa zuciya ta raina haɗari, wani ma ta sa shi farfaɗiya yana bisa sitiyari. Barci kuwa ba shi da magani sai barci. Goro da shayi jinkiri kawai suke yi masa.

MAKARANTA KAƊAI TA ISA?

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. Takardar makaranta ita kaɗai ba ta tsare yaro. Ƙasashen da suka riga mu mota sun gwada, sun gani.

A Amurka, cikin jihar Jojiya, a ƙarshen shekarun 1970, an ɗauki ɗalibai wajen dubu 16 aka raba su kashi uku. Wasu aka ba su dogon horo, wasu gajere, wasu ba a ba su komi ba a makaranta. Aka bi su ana dubawa. Waɗanda aka horar sun ɗan fi sauran kiyayewa cikin watannin farko. Daga baya bambancin ya shuɗe. Kuma horon ya sa da yawa sun karɓi permi da wuri, sun hau hanya suna ƙanana.

A ƙasar Norwe, inda ƙanƙara ke rufe hanya, an tilasta ma sabbin direbobi koyon dabarun riƙe mota in ta zame. Da aka bincika a 1988, sai aka tarda samari maza da suka yi wannan darasi sun ƙara yin haɗari bisa hanya mai santsi. Me ya sa? Sun ɗauka sun zama gwanaye, sai suka ƙara gudu. Gwanin ruwa shi ruwa ke ci. Duk horon da zai sa saurayi ya ji shi gwani ne, bai koya masa tsoron hanya ba, ɓarna yake yi.

To, me ya yi amfani? Daɗewa gefen babba. A ƙasar Suwidin, a 1993, an ba yara izini su fara koyo tun suna shekara 16, amma sai da babba zaune gefensu, kuma permi sai sun kai 18. Waɗanda suka bi wannan hanya sun yi wajen awa 120 suna tuƙi da mai lura da su. Da suka samu permi, haɗarinsu ya ragu har zuwa kashi 40 cikin 100. A Faransa, yaro yana yin awa 20 a oto-ekol, sannan ya yi kilomita 3000 tare da uba ko wani babba kafin jarrabawa. Sabon direba a can yana manna jan harafin A bayan motarsa, kuma gudunsa bai kai na tsofaffin hannu ba. A ƙasar Niyu Zilan, tun 1987, an hana sabon direba tuƙi shi kaɗai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, an hana shi kwasar abokai in babu babba cikin motar. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan tsari, don an ga samari sun rage mutuwa. Dalilin a fili yake. Watannin farko bayan permi su ne mafi haɗari, kuma saurayi in abokansa na kallo, ƙafarsa nauyi take yi bisa totur.

In kun lura, abin da turawa suka gano bayan dogon bincike, muna da irinsa a tashoshinmu. Karen mota yana shekaru gefen maigidansa. Yana wanke mota, yana sa waigi, yana canza taya, yana jin kukan inji, ya san kowane rami daga Tsarnawa zuwa Tawa. Wannan dukiya ce, kada a raina ta. Aibinta guda ne. Yaro yana gadon halin maigida duka, mai kyau da mugu. In maigida yana wuce mota a kwana, yaro zai ɗauka haka ake yi. In yana shan ƙwaya, yaro zai sha. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa hisabin birki. A ganinmu, sai an haɗa biyun. Makaranta ta ba shi doka da lissafi, maigida na kirki ya ba shi daɗewa bisa hanya. Ƙungiyoyin direbobi na tasha suna iya sa wannan ya zama ƙa'ida: ba a ba yaro layin lodi sai ya gwada permin da ya dace da motar, kuma kada a ba sabon hannu tafiyar dare.

GA IYAYE

Wani zai ce oto-ekol da tsada, kuma sai birni. Haka ne. Amma ku auna. Ka saida sa ka sayi babur, ka ji ƙyashin kuɗin hula da na koyo? Ƙashin cinya in ya karye, wata uku ko fiye yaro na kwance. In a damina ne, gonar ta rasa hannu. A haɗa da kuɗin mota zuwa asibiti, kuɗin magani, abincin mai jinya, da diyyar wanda aka buge. Sai tumakin gida su ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Wani kuma zai zo maka da raɗa, ya ce ba da kuɗi kaza, a kawo ma ɗanka permi har gida, ba kod ba jarrabawa. Wanda ya yarda da wannan ya sayi takarda, bai sayi sani ba. Laifi ne gaban shari'a, ga mai saye da mai saidawa. Takardar tana iya wuce shingen jandarma. Ba ta taka birki.

Wasu suna cewa haɗari ƙaddara ce. Mu musulmi ne, mun yarda da ƙaddara. Amma ba mu ga manomin da ya ƙi noma gonarsa ya ce in Allah ya so gero zai fito ba. Ba mu ga makiyayin da ya bar garke a daji da dare ya ce kura ƙaddara ce ba. Duba birki, rage gudu, sa hula, su ne noman hanya.

Uba yana da ikon da jandarma ba shi da shi, don shi ke ganin yaro safe da marece. Kai da ka biya kuɗin babur, kana iya kafa sharaɗi. Shekarar farko babu hawa kwalta bayan magariba. Babu goyon mutum fiye da ɗaya. Babu fita ba hula. Babu tseren rakiyar amarya, wanda ya maida bukukuwa da yawa gidan makoki. In ya karya, ka karɓe makulli mako guda. Mai gari da limamai da shugabannin fada su ma su sa baki. Gari yana iya haɗa samari 20 ko 30, a nemi malamin oto-ekol ya zo lokacin rani ya ba su kod a ajin yaƙi da jahilci, kuɗin ya yi sauƙi ga kowa.

A koya masu har abin da ake yi in haɗari ya auku. A sa alama nesa, gaba da baya, don kada wata mota ta hau mutane. A kashe inji. Kada a fizgo wanda ya ji ciwo a wuya ko a baya, kada a ɗura masa ruwa. A danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta. A kira lamba 18 ta ƴan kwana-kwana, ko 17 ta ƴan sanda. In motar mai ce ta faɗi, a gudu nesa, a kori yara. A daren 5 ga Mayu 2019, wata tankar esansi ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka taru da bokiti da jarka suna kwasa. Wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka mutu nan take, wasu suka cika daga baya a asibiti.

In za ka kai ɗanka oto-ekol, ka tafi da ƙafarka ka gani. Ka tambaya ko gwamnati ta ba makarantar izini. Ka dubi motar koyo, ko akwai birki wajen malami. Ka tambayi awa nawa yaro zai riƙe sitiyari da kansa, kuma ko za a fita da shi cikin kasuwa da bisa babbar hanya, ko fili kawai za a riƙa zagayawa. Ka tambaya ko malamin yana bayani da Hausa. Za a biɗi takardar haifuwa, katin ɗan ƙasa da hotuna. Wanda ba a yi ma takardar haifuwa ba tun yana jariri, sai ya fara zuwa gidan shari'a da shaidu, a yi masa wadda ke maye gurbinta. Wannan yana ɗaukar lokaci, don haka a fara tun yanzu, kafin ruwan shuka ya sauka.